Babi na Bakwai: Yadda Hayaƙi Ke Sauya Harafi a Cikin Huhu

A Gusau ko Tsafe yau, idan maganar aure ta kankama, akwai gidajen da ba za a sa rana ba sai an ga takardar gwajin jini. AA ne, ko AS, ko SS? Cutar sikila, wadda iyayenmu ke kira amosanin jini, ta koya wa jama'a darasin da a da sai a ajin jami'a ake jin sa. A cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum akwai wani dogon rubutu da ake kira DNA, mai harufa wajen biliyan 3, dukkansu daga baƙaƙe huɗu ne, A da C da G da T, kuma sauyin harafi ɗaya tak ya isa ya juya rayuwar mutum. A sikila, A ce ta koma T a wuri guda cikin umarnin da jiki ke bi wajen ƙera sinadarin da ke ɗaukar iska a jini. Daga wannan ɗan sauyi ne ciwon ƙashi da ƙarin jini da kwanan asibiti suka samo asali.

Sankarar huhu ma cutar sauyin harafi ce, sai dai hanyarta daban. Na sikila gado ne. Da shi aka haifi yaro, yana ko'ina a jikinsa, kuma zai iya miƙa wa 'ya'yansa. Na sankarar huhu, a mafi yawan lokuta, ba daga uwa ko uba ya zo ba. Mutum ne ke tara shi bayan haihuwa, a cikin ƙwayoyin da suka shimfiɗe hanyoyin iska na huhunsa, kaɗan-kaɗan, shekara ashirin ko talatin, kuma ba ya bin 'ya'ya. Harafi ɗaya ba ya isa. Sai kurakurai da dama sun taru a ƙwaya guda, a wuraren da suka fi muhimmanci. Abin da masana suka shafe kusan ƙarni guda suna tonowa shi ne, hayaƙi ba shi kaɗai ke wannan ɓarna ba, da hannun jikin kansa a ciki.

Taba da lissafinta

Ƙasar Zamfara ta san taba tun kafin a san illarta. Jirgin ƙasa ya iso Gusau daga Zariya a 1927, garin ya zama matattarar auduga da gyaɗa, tabar da ake nomawa a fadamun Talata Mafara kuma ta nan take bi ta tafi Zariya. A wancan zamani ko likitocin Turai ba su ɗauki sigari a bakin komai ba, da yawansu ma suna sha.

A 1950 ne Richard Doll da Austin Bradford Hill suka fitar da binciken da suka yi a asibitocin Landan. Cikin maza 649 masu sankarar huhu da suka yi wa tambayoyi, biyu kacal ne ba mashaya taba ba. Doll da kansa ya jefar da sigari yana tsakiyar aikin. Bincike ya ci gaba da tabbatar da maganar, har aka gano cewa haɗarin mai shan taba ya ninka na wanda ba ya sha sau 15 zuwa 30. A 2022 mutum wajen miliyan 2.5 ne suka kamu da sankarar huhu a duniya, wajen miliyan 1.8 suka rasu. Babu wata sankara da ke kisa kamar ta.

A Najeriya, babban binciken da aka yi a 2012 ya nuna kashi 10 cikin ɗari na maza manya ke amfani da taba, mata kuwa wajen kashi 1. Adadin bai kai na Turai ko na Sin ba, amma dubi yadda tabar ke isa hannu. Da dare a bakin tasha, kusa da mai shayi, ga mai tebur da alawa da batir da ashana, da kwalayen sigari a buɗe. Yaron mota ya matso ya ce, "Malam, ba ni kara biyu." A zare masa, ya kunna ɗaya da laitar da aka ɗaure da zare a ƙafar teburin, ya soke ɗaya a bayan kunne. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. A wannan tebur babu wanda ke tambayar shekaru.

Garin neman gira

Hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, wajen 70 daga ciki an tabbatar suna jawo sankara. Wanda aka fi sani tarihinsa ya girmi sigarin kanti. A 1775 likitan Ingila Percivall Pott ya lura da wata sankara da ke kama masu sharar bututun hayaƙi na gidaje, ya ɗora laifin a kan kunkunniya. Sai a 1933 masu bincike a ƙarƙashin Ernest Kennaway a Landan suka tace tan biyu na kwaltar kwal suka ware sinadarin da ke aikin, wato benzofairin. Yana fitowa duk inda aka ƙona abu bai ƙone sarai ba: ganyen taba, itace, kwal, man dizal, tsohuwar taya.

Abin mamaki, in aka haɗa benzofairin da DNA a kwalba, ba ya taɓa shi. Sai ya shiga jiki yake zama mugu. Miji da mata masu bincike a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, James da Elizabeth Miller, su suka kafa hujjar cewa yawancin sinadaran sankara sai jiki ya sarrafa su kafin su iya ɓarna. Mai sarrafawar kuwa shi ne enzayim.

Enzayim furotin ne da jiki ke ƙerawa domin ya hanzarta wani aiki na musamman. Wani ke narkar da tuwo a ciki, wani ke kwafe DNA in ƙwaya za ta rabu biyu, wani ke karya magani bayan ya gama aikinsa. Umarnin ƙera kowanne yana rubuce a wani sashe na DNA, irin sassan da ake kira ƙwayoyin gado, waɗanda yawansu ya kai wajen 20,000.

Benzofairin ba ya narkewa a ruwa, jiki kuwa ta fitsari da ruwan matsarmama yake fitar da datti. Saboda haka akwai enzayim na musamman a hanta da huhu da ke mayar da irin wannan baƙo abin da ruwa zai ɗauka. Aikin hawa biyu ne. A hawa na farko, dangin enzayim da ake kira CYP, musamman CYP1A1, su liƙa masa iskar oksijin domin a sami wurin kamawa. A hawa na biyu, wasu irin su GST su rataya masa wani ƙaton sinadari mai narkewa, a kora shi waje. Yawancinsa haka yake fita salin alin.

Matsalar tana tsakanin hawa biyun. Wani kaso na abin da CYP ya taɓa yakan faɗa hannun wani enzayim ya ƙara masa ruwa, ya sake dawowa wurin CYP a karo na biyu, sai ya rikiɗe ya zama wani sinadari mai kama duk abin da ya samu, wanda ake taƙaita sunansa da BPDE. In ya kuɓuce wa masu hawa na biyu ya kutsa inda DNA yake, harafin G yake nema ya manne masa. Garin neman gira an rasa ido ke nan: jiki ya tashi wanke dafi, ya ƙera wanda ya fi shi. Wani ƙarin tashin hankali kuma, hayaƙin da kansa ke sa ƙwayoyin huhu su ƙara yawan CYP1A1 da suke ƙerawa.

Ko a nan ba a gama ba, domin jiki na da masu gyara. Akwai rukunin enzayim da ke bin DNA suna laluben inda ya kumbura, su yanke harufa wajen 30 da suka haɗa da wurin, su sake rubutawa daga ɗaya gefen mai lafiya. Bayanin wannan aiki na cikin abin da ya ba Aziz Sancar, haifaffen Turkiyya, lambar Nobel a 2015. Amma in ƙwayar ta rabu kafin masu gyara su iso, enzayim mai kwafi yakan kasa karanta G ɗin da aka manne wa, ya sa harafin da bai dace ba, a kwafi na gaba wurin ya koma T. Daga ranar kuskuren ya zauna daram, duk ƙwayar da ta fito daga wannan za ta gaje shi.

A 2016 Ludmil Alexandrov da abokan aikinsa suka ƙididdige wannan a cikin dubban samfuran sankara. Mai shan kwali ɗaya a rana, kara 20, yana ƙara wa kowace ƙwayar huhunsa sauyi wajen 150 a shekara. Wato kusan kowane kara 50 na barin tabo ɗaya.

Totur da birki

Yawancin waɗannan sauye-sauye suna faɗawa inda ba su da wani tasiri. Haɗarin yana cikin 'yan wurare kaɗan da ke riƙe da ragamar rabuwar ƙwaya. Direban da ke bin hanyar Gusau zuwa Funtuwa ya san in totur ya maƙale birki na iya ceto, in birki ya ƙwace ana iya ɗaga ƙafa daga totur, amma ranar da biyun suka haɗu sai yadda Allah ya yi. Ƙwayar jiki ma tana da nata totur da birki.

Babban totur shi ne KRAS. Shi ma enzayim ne, yana zaune ta cikin fatar ƙwaya. In saƙo ya zo cewa ana buƙatar sababbin ƙwayoyi, sai ya riƙe wani ɗan sinadari mai suna GTP ya kunnu, ya tura umarnin rabuwa ciki. Bayan ɗan lokaci ya datse GTP ɗin ya kashe kansa. Wannan datsewar ita ce aikinsa na enzayim. In harafi ɗaya ya sauya a gurbi na 12 na wannan furotin, datsewar ta gagara, ya zauna a kunne dare da rana. Sauyin da aka fi gani a huhun mashaya taba, wanda ake kira G12C, G ce ta koma T, irin tabon nan na hayaƙi. Ana samun sa a wajen kashi 13 cikin ɗari na nau'in sankarar huhu mafi yawa a ƙasashen Yamma.

Babban birki kuwa shi ne p53, wanda aka gano a 1979. In DNA ya lalace, p53 ke tsayar da ƙwaya har a gyara, in ɓarnar ta wuce gyara ya umarce ta ta kashe kanta. Ya lalace a wajen rabin nau'in sankarar huhu mafi yawa, a nau'in da ake kira mai ƙananan ƙwayoyi kuwa, wanda kusan mashaya kaɗai yake kamawa, da wuya a same shi da lafiya.

Shekaru da dama kamfanonin taba suna kare kansu da cewa lissafi ne kawai ya haɗa taba da sankara, ba wanda ya nuna hanyar. A 1996 Gerd Pfeifer da abokan aikinsa a Kalifoniya suka zuba BPDE a kan ƙwayoyin huhun mutum, suka duba inda ya manne a cikin umarnin p53. Ya fi mannewa a gurbi na 157 da 248 da 273, daidai wuraren da aka saba ganin sauyi a sankarar mashaya. Wannan ya toshe waccan kafa.

Shi ya sa cutar ke daɗewa ba ta fito ba. Sai totur ya maƙale a wata ƙwaya, zuriyarta ta yaɗu, a cikin zuriyar birki ya lalace a wata, daga baya wata ta sami hanyar jawo jijiyoyin jini, wata ta iya ɓuya daga dakarun jiki. Saurayin da ya fara da kara biyu a tasha yana shekara 16, lissafinsa na iya fitowa yana da hamsin da wani abu, lokacin da gida ya fi buƙatarsa.

Tsohon da ya sha taba har ya tsufa

Duk majalisar da aka tayar da wannan magana, sai wani ya ce, "Ai akwai wani baba a garinmu, tun yana saurayi yake busa ta, har ya haura tamanin da ƙafarsa yake zuwa kasuwa." Gaskiya ne, akwai irin wannan tsoho, kuma kimiyya ba ta musanta shi ba. Binciken Richard Peto da abokan aikinsa na shekarar 2000 a Ingila ya nuna cikin maza 100 da suka ci gaba da shan taba, wajen 16 ne sankarar huhu ke kashewa kafin su kai shekara 75. Sauran ba duka suka tsira ba, domin taba na kisa ta zuciya da shanyewar jiki da toshewar huhu, har ta kan ɗauki wajen rabin masu dogon sha. Amma lallai wasu na wucewa.

Wani ɓangare na dalilin yana cikin enzayim ɗin da kowa ya gada. Kusan rabin Turawa ba su da GSTM1 sam, ɗaya daga masu hawa na biyu, a Afirka kuwa masu rashinsa ba su kai haka yawa ba. Akwai kuma CYP2A6, wanda ke karya yawancin nikotin. Mai irin sa mai sauri, nikotin na saurin ƙarewa a jininsa, sai ya yi ta kunna wata. Mai irin sa mai nawa yakan sha kaɗan, kuma ya fi sauƙin bari. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2006 ya gano cewa a tsakanin masu shan taba daidai wa daida, baƙaƙen fatar Amurka sun fi fararen kamuwa da sankarar huhu, in dai shan bai wuce kara 30 a rana ba.

Sai dai duk waɗannan bambance-bambance ƙanana ne in aka gwada su da ƙarfin hayaƙin kansa, kuma babu gwajin jinin da zai ce wa mutum ya sha ba komai. Saura kuma sa'a ce: ko tabon ya faɗa a fili, ko ya faɗa a kan KRAS. Ajali na hannun Allah, wannan ba gardama, amma kowane kara ƙarin jefa ƙuri'a ne.

Wancan bincike na Peto ya nuna ribar bari ƙarara. Wanda ya daina yana shekara 60, haɗarinsa ya sauko daga 16 zuwa 10. Mai 50, zuwa 6. Mai 40, zuwa 3. Mai 30, wajen 2. A 2020 masu bincike a Cibiyar Sanger ta Ingila suka ga dalili da idonsu. A huhun waɗanda suka daina, har da masu shekaru arba'in suna sha, sun tarar da ƙwayoyi masu yawa, wani lokaci har kashi 40 cikin ɗari, da DNA ɗinsu ya yi kama da na wanda bai taɓa sha ba. Wasu ƙwayoyi ne da suka tsira daga hayaƙin, da aka ba su sarari suka fito suka sake shimfiɗe hanyoyin iska.

Wadda ba ta taɓa riƙe sigari ba

A Amurka kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na masu sankarar huhu ba su taɓa shan taba ba. A gabashin Asiya yawancin matan da ke kamuwa haka suke. A irin su wani totur ne daban ke maƙalewa, mai suna EGFR. Shi kansa a waje da ƙwaya yake, yana jiran saƙon girma, jelarsa ta ciki kuma enzayim ce da ke liƙa wa wasu furotin alamar tashi aiki. Sauyin harafi ɗaya a gurbi na 858, ko ɓacewar 'yan harufa a wani sashe kusa da nan, na sa jelar ta yi ta aiki ba tare da saƙo ba. Ana samun wannan a kashi 10 zuwa 15 na Turawa masu nau'in sankarar mafi yawa, a gabashin Asiya kuwa kusan rabi.

Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, a DNA ɗin waɗannan mutane ba a ganin tabon hayaƙi. A 2023 Charles Swanton da tawagarsa a Cibiyar Crick ta Landan suka kawo bayani. Sun duba naman huhu mai lafiya, suka tarar kashi 18 cikin ɗari na samfuran na da 'yan ƙwayoyi masu sauyin EGFR, kashi 53 masu na KRAS, duk suna kwance shiru, ana kyautata zaton tsufa ne ya kawo su. Da suka shaƙa wa ɓeraye masu irin wannan sauyi ƙurar iska mai tsananin laushi, sai huhun ya kumbura, dakarun jiki suka saki wani sinadari mai suna IL-1 beta, shi kuma ya tayar da ƙwayoyin da ke kwance suka fara yaɗuwa. Da aka toshe sinadarin, tashin ƙarin ya ragu. Ashe gurɓatacciyar iska ba sai ta sauya harafi ba, ya ishe ta ta tayar da wanda ya riga ya sauya.

Wannan magana ta shafi madafi. Shiga ɗakin girki a wani ƙauyen Bungudu da damina, lokacin da itace ya jiƙe kuma ba halin girki a tsakar gida. Murhu mai duwatsu uku, ɗaki ba taga, uwargida da goyo ta durƙusa tana hura wuta, tana share hawaye da gefen zane, tukunyar tuwo ba ta ko tafasa ba. Ɗaga kai ka ga kunkunniya ta yi baƙi ƙirin a jikin rufi. Abin da ya bi rufin, shi ya bi huhunta, safe da yamma, tun tana 'yar talla.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin cikin gida ya kashe mutum wajen miliyan 3.2 a 2020, yawanci ta ciwon zuciya da shanyewar jiki da cututtukan numfashi, wani kaso kuma ta sankarar huhu. Cibiyar binciken sankara ta hukumar da ke Lyon a Faransa ta sa hayaƙin kwal na cikin gida a sahun abubuwan da aka tabbatar, na itace kuma a sahun waɗanda ake kyautata zaton suna jawowa. Hayaƙin dizal ya shiga sahun tabbas a 2012. A gundumar Xuanwei ta ƙasar Sin, inda mata marasa shan taba ke yawan mutuwa da wannan cuta saboda girki da kwal a ɗaki rufe, gidajen da suka koma murhu mai bututun fitar da hayaƙi haɗarinsu ya ragu da fiye da kashi 40 cikin ɗari. Ba magani aka raba musu ba, hanya aka ba hayaƙi ya fita.

Sai ƙurar dutse. Zamfara ba za ta manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Yargalma, saboda ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje da injin niƙan hatsi. Dalma ƙwaƙwalwa da ƙoda ta fi kamawa, kuma nan take. Amma a cikin ƙurar akwai silika, garin farin dutse, wanda aka sa a sahun tabbas na masu jawo sankarar huhu tun 1997. Shi ba ya narkewa. Yana zama a huhu yana ta tayar da kumburi, ya taurara naman, ya kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Mai fasa dutse da mai aikin injin niƙa shi duk suna cikin wannan, kuma jiƙa dutsen da ruwa kafin a niƙa na rage ƙurar ƙwarai.

Magani mai bin harafi

Sanin enzayim ɗin da ya maƙale ya ba da damar ƙera maganin da zai toshe shi kaɗai. Da aka fara gwada gefitinib, yawancin majiyyata bai yi musu komai ba, amma wajen ɗaya cikin goma, galibi mata marasa shan taba, ƙarinsu ya narke cikin makonni. A 2004 masu bincike a Boston da New York suka gano cewa masu sauyin EGFR ne. Maganin na shiga ramin da enzayim ɗin ke karɓar makamashi ya zauna. Bayan wajen shekara guda cutar takan dawo, a fiye da rabin mutanen saboda sabon sauyi a gurbi na 790 da ke hana maganin zama. A 2015 aka amince da osimertinib, wanda ke kama wannan ɗin ma. A 2007 Hiroyuki Mano a Japan ya gano cewa wani totur mai suna ALK ma na maƙalewa a sankarar huhu, maganinsa crizotinib ya fito a 2011. KRAS ya gagari masana kusan shekara 40, sai a 2021 sotorasib ya fito, shi ma G12C kaɗai yake kamawa. Waɗannan magunguna ba kasafai suke warkarwa ba, amma suna ƙara watanni da shekaru masu daɗi, kuma haɗiya ake yi a gida.

Karanta harafi a asibiti ba baƙon abu ba ne a arewa. Na'urar GeneXpert da ake gwada kakin masu tarin fuka, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, aikinta ke nan. Cikin awa biyu take duba DNA ɗin ƙwayar cutar, ta kuma duba ko harafi ya sauya a umarnin wani enzayim nata da maganin rifampicin ke kamawa. In ya sauya, maganin ba zai ci ba, daidai da abin da ke faruwa a gurbi na 790. Bambancin shi ne gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne, gwajin EGFR kuwa sau da yawa sai an aika samfurin Legas ko Abuja ko wajen ƙasa da kuɗin majiyyaci, maganin kuma ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Ga shi wani nazari na 2016 ya nuna wajen kashi 3 cikin ɗari ne kawai na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado a kansu ke da asalin Afirka. Alƙaluman Turai da na Asiya ake aro mana.

Tarin da ya ƙi jin magani

Kafin a kai ga maganar harafi, sai an gane cutar tukuna, kuma a nan ne ake rasa mutane. Tari mai daɗewa, kaki da jini, rama, ciwon ƙirji, zazzaɓin dare: duk alamun tarin fuka ne, kuma duk alamun sankarar huhu ne. A ƙasar da ke sahun gaba a Afirka wajen yawan tarin fuka, dole tunanin ma'aikacin lafiya ya fara zuwa can, kuma galibi yana da gaskiya. Amma wani majiyyacin gwajin kakinsa bai nuna komai ba, hoton ƙirji ya nuna inuwa, a ɗora shi kan maganin wata shida. Wata biyu, wata uku, ɗansa ya koma ya ce, "Likita, tun da anka fara ba Baba maganin ga ba mu ga sauƙi ba." A gida kuma an fara raɗe-raɗin sammu, an koma jiƙe-jiƙe. Kafin a tura shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, daga nan zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, inda ake da sashen sankara, a kan hanyoyin da matsalar tsaro ta sa ake bi da fargaba, ruwa ya riga ya taru a ƙirji.

Sankarar da aka kama tana ƙarama a wuri guda ana iya yanke ta mutum ya warke. Wadda ta bazu, sai dai a sassauta. Saboda haka tarin da ya wuce mako biyu a kai shi gwaji. In gwajin kaki bai nuna tarin fuka ba, ko an sha magani wata biyu ba canji, musamman ga wanda ya haura arba'in, ko muryarsa ta dushe, ko kan yatsunsa suka kumbura, iyali na da haƙƙin tambaya cikin ladabi: ranka ya daɗe, ko za a sake hoton, ko a yi siti sikan, ko a ciro ɗan nama a duba? Kuma a gaya wa likita tarihin huhun gaba ɗaya, ba taba kaɗai ba: shekara nawa a madafi, shekara nawa a ramin zinare ko wurin fasa dutse, shekara nawa kusa da janareta ko bayan mai shan sigari a ɗaki ɗaya.

Enzayim ɗin da mutum ya gada ba shi ya zaɓa ba, kuma ba a canza su. Abin da ake ba su su sarrafa kullum shi ke hannun mutane: maigidan da zai fasa taga a ɗakin girki, mai injin da zai jiƙa dutse, hukumar da za ta bi dokar 2015 har teburin bakin tasha, da mashayin da zai daina yau ko da ya shekara talatin yana sha.